Rigar Mai Walda

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwar tana da doka ɗaya da ba a wasa da ita. In an kawo musu labarin wani gida, sai sun sauya masa kama kafin su hau dandali: mahauci ya koma direba, ƙane ya koma ɗa, mai gemu a aske shi. Malama ce ta kafa dokar, ita da ta bar koyarwa ta tara su a wani tsohon sito. Takan ce hali suke tonawa, ba mutum ba.

A lungun siton akwai buhu biyu. Ɗaya na kayan wasa ne, ɗayan kuma na tufafin da jama'a ke kawowa don a raba wa marasa hali. Su ma ba a haɗa su.

Labarin wannan karon Tela ce ta kawo shi. Ƙanenta Auta, ɗan shekara ashirin da bakwai, yana da farfaɗiya. Shekara huɗu da suka wuce ya faɗi a bakin shagon yayansu Mai Walda, a gaban masu kawo aiki. A cikin makon Mai Walda ya ƙera ƙofar ƙarfe da hannunsa, ya kafa ta a ɗakin baya, ya rufe Auta a ciki, ya sa kwaɗo. Cewa ya yi yana tsoron kada Auta ya faɗa wuta ko rijiya. Ƙarya yake yi wa kansa. Kunya ce kawai, kunyar a ce gidansa akwai mai faɗuwa.

Matarsa ba ta zuwa kusa da ɗakin, don ta yarda ana ɗaukar ciwon ta yawu. Tela kaɗai ke shiga. Kullum da azahar takan zo da kwanon abinci, ta karɓi mabuɗi a shago, ta share ɗakin, ta kai ruwan wanka, ta mayar da mabuɗi. Tun farko yayanta ya gindaya mata sharaɗi.

"Ranar da na ji maganar nan a bakin bare, ƙafarki ta gama taka gidana."

Ta yi shekara huɗu bakinta a rufe. Da ta ga ƙafafun Auta sun soma shanyewa don rashin tafiya, ta faɗa wa Malama, a bayan keken ɗinki, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba wanda zai gane," in ji Malama. "Direba za mu yi, da ɗansa. Za mu gayyaci yayanki, ai shi ya haɗa mana bencin zama. Ya zauna ya kalla kamar kowa. In an gama, Nas ta asibitin unguwa za ta yi bayanin magani."

Ranar wasan aka tashi da ruwan sama. Kwanon siton ya yi yoyo daidai kan buhun kayan wasa. Mai Aski, wanda zai fito a direba, ya ɗago rigarsa tana ɗiga. Maimakon ya faɗa wa Malama, sai ya zura hannu a ɗaya buhun, ya zaro wata shuɗiyar rigar aiki, ya saka. Ta yi masa daidai, har ya yaba wa kansa. Ƙaramin ganganci ne, irin na mutumin da ya saba ganin doka don wasu aka yi ta.

Rigar tana da hujojin tartsatsi a ƙirji, da jan faci a kafaɗar hagu. Tela ce ta yi facin da ragowar yadi. Watan jiya yayanta ya ce ta yar da rigar, ita kuwa tela ba ta iya yar da tufa, sai ta wanke ta jefa a buhun sadaka. Shekara shida unguwa tana ganin wannan faci a bakin shagon walda.

Da yamma siton ya cika. Mai Walda na bencin gaba, ya harɗe hannuwa. Tela na layi na uku a ɓangaren mata.

Aka ja labule. Mai Aski ya fito yana kaɗa mabuɗai, ya nufi ƙofar kwali da aka kafa a matsayin ɗakin baya. Daga ciki wani yana bugawa yana cewa, "Baba, buɗe min in ga rana."

Tela ta ga jan facin, ta gane rigar yayanta.

Shiru aka soma yi, irin wanda ba na jin daɗin wasa ba. Sai wata ta zunguri ta kusa da ita. Kawuna suka riƙa juyawa daga dandali zuwa bencin gaba. Malama tana gefe da usur a hannu, ba ta gane ba sai da ta bi idanun mutane. Mai Aski kuwa ya ɗauka gwanintarsa ce ta kashe bakin jama'a, sai ya ƙara ƙaimi.

"Ka fita ka ba ni kunya a gaban fasinja? Zauna nan!"

Al'adar ƙungiyar ce in wasa ya kai tsakiya Malama ta busa usur, ta tambayi 'yan kallo me ya kamata a yi. Ta busa tun lokaci bai yi ba. Kafin ta buɗe baki Mai Walda ya miƙe.

"Kai, Mai Aski. Rigar wa ke jikinka?"

Mai Aski ya dubi ƙirjinsa, ya dubi kafaɗarsa. Sai a lokacin ya gane.

"A gwanjo na saya, mutumina."

"Gwanjon da ake sayar da ƙunar waldata?"

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta.

Mai Walda ya juya ga Malama. Bai ɗaga murya ba. "Bencin da kuke zaune a kai ni na haɗa, kyauta. Kin aiko a kira ni, na rufe shago na zo. Ashe kujerar wulaƙanci na ƙera wa kaina. Wa ya kawo muku maganar gidana?"

"Ba mu ambaci sunan kowa ba."

"Ban ce kun ambata ba. Na ce wa ya kawo?"

"Rigar kuskurenmu ce, na ɗauki laifin a gaban kowa," in ji Malama. "Amma wanda ya kawo mana magana, ba ma faɗa. Ko kai ka kawo, haka zan amsa."

"Shi ke nan. Mu uku muka san ɗakin nan, kuma ƙanwata ba za ta yi min haka ba. Matata ce ke nan. Yau za ta kwashe kayanta."

Ya juya zai fita. Tela ta dubi bayansa. In ta yi shiru, gobe da azahar mabuɗi na hannunta, wata kuma ta rasa aurenta a kan abin da ba ta yi ba. Ta miƙe.

"Ni ce, Yaya."

Ya tsaya. Ya juyo.

"Kin tuna abin da na ce miki?"

"Na tuna."

"To ya tabbata. Wallahi ba ki ƙara shiga gidana."

"Wa zai kai masa abinci? Wa zai kai masa ruwan wanka?"

Goggo ce ta amsa, tsohuwar da gidanta ke jingine da nasa, tana dogara sanda.

"Ɗana, ba ita ta tona ka ba. Katangarmu ɗaya. Shekara huɗu ina jin yaron nan yana buga ƙarfe da cokali in azahar ta yi. Har na san ranar da aka makara." Ta juya ga jama'a. "Wanda bai taɓa sani ba ya ɗaga hannu mu gani."

Ba hannun da ya tashi. Mutum sama da ɗari, duk sun sani, duk suna gaishe shi da safe su wuce. Da ma ba asiri aka rufa ba. Shiru aka yi masa, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin mutunci. Laifinsu bai fi nasa sauƙi ba.

Mai Walda ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa hannu wajen dandali.

"Tuɓe."

Mai Aski ya tuɓe, ya tsaya da singileti. Mai Walda ya dunƙule rigar ya fita. Ba a ƙarasa wasan ba. Nas ta ninke takardar bayaninta ta mayar cikin jaka.

Da aka watse Mai Aski ya durƙusa a gaban Tela. "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Tawa ce ta jiƙe."

"Da ka yi wasan da jiƙaƙƙiyar," ta ce. "Mura kawai za ka yi."

Washegari ta dafa abinci kamar kullum, ta rufe kwano. A bakin layi ta tarar da Malama da Nas da Goggo suna jiranta.

"Ba mai cewa uffan," in ji Malama. "Jiya mun yi magana ta ishe mu. Zama kawai za mu yi."

Shagon a jikin gidan yake. Suka zauna a dakalin da ke tsallaken titi, Tela da kwano a cinya. Mai Walda yana haɗa wata taga, ya sauke gilashin fuska. Ya gan su, ya yi kamar bai gani ba. Azahar ta wuce. Kwanon ya huce a cinyarta. Wani mai kawo aiki ya zo, ya dubi matan, ya dubi shagon, ya ce zai dawo anjima.

Da Mai Walda ya kashe inji don ya juya tagar, sai aka ji. Daga can cikin gida, cokali a jikin ƙarfe, a hankali, ba fasawa. Mai shayi na kusa ya daina juya kofi. Tela ta danne murfin kwanon da hannu biyu.

Mai Walda ya kai hannu zai kunna inji. Hannun ya tsaya a kan makunnin. Ya ɗage gilashin, ya shiga gida.

Ba wanda ya san abin da ya shiga yi. Bugun ya tsaya. Tela ta yunƙura, Malama ta riƙe mata zane.

Ya fito riƙe da damtsen Auta. Auta yana jan ƙafa, ya kare ido da hannu saboda rana. Shuɗiyar rigar ce a jikinsa, mai jan faci, don a shekara huɗu ba a ɗinka masa tufar fita ba. Mai Walda ya tsallako da shi titi, ya tsayar da shi a gaban dakalin.

"Na rantse ba ki shiga, kuma ba ki shiga. Ga shi nan. Tunda kin fi ni sanin ya kamata, tafi da shi. In ya faɗa wuta, ke da Allah."

"Akwai magani," in ji Nas. "Ƙwaya ce kullum, in ya riƙe ta..."

"Ba da ke nake ba."

"Yaya," in ji Tela.

Ya juya, ya koma shago, ya sauke gilashi, ya kunna inji.

Ɗaki ɗaya Tela ke haya, rabinsa keken ɗinki ya cinye. Nan ta kai Auta, ita a dama, Nas a hagu, Goggo na biye da kwano. Tafiyar minti biyar ta ɗauke su rabin awa. A ranar Malama ta rubuta jerin masu zama da shi in Tela ta tafi kasuwa, ta sa sunan Mai Aski a farko, ba ta tambaye shi ba.

Wata uku ke nan. Auta ya faɗi sau biyu kafin maganin ya karɓe shi, yanzu shi ke sa maɓalli a rigunan da take ɗinkawa. Tela ba ta sake taka gidan yayanta ba. In sun haɗu a hanya takan gaishe shi, shi kuma ya kau da kai.