Shirun Ajin Malama Verstraete

Shekara da shekaru Malama Marleen Verstraete tana koyar da Faransanci a wata makarantar sakandare a garin Oudenaarde, inda Filamanci ne harshen gida. A da, in ta fara zuba, har mai goge baranda sai ta jingine sandar gugarta ta saurara. Amma tun da aka dawo daga dogon hutu sai ta sauya salo. Ta kwaso littattafan gidanta a kwali ta jere a bayan aji, ta ce kowa ya ɗauki wanda ransa ke so ya karanta shi kaɗai. Ba ƙamus, ba tambaya. Wanda kalma ta gagara ya ci gaba, zai gane ta a hanya. Ita ma takan zauna a gaba da nata littafin a buɗe.

Abin haushi, dabarar ta ci. Yaran da a bara ba sa iya sayen burodi da Faransanci suka fara rigima a kan wa zai karɓi littafi bayan wa. Shugaban makarantar, Geert Claeys, mutumin da ko ruwan sama ya ɗauke sai ya ce tsarinsa ne, ya dinga kawo baƙi suna leƙe ta gilashin ƙofa.

Abin da Geert bai sani ba shi ne, ba don yara ta ƙirƙiro shirun ba. Faransancin ne ke zubewa daga kanta. A kasuwar Tournai, garin masu Faransanci, abin ya fara, ranar da ta tsaya gaban mai cuku ta nemi sunan abin da take saye kullum ta rasa, sai nuni ta yi da yatsa. Daga nan kalmomi suka dinga sulalewa, yau ɗaya, gobe uku. Kuma ta san ciwon. Mahaifinta ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙar Roubaix, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, shi ne kuma farkon abin da ya bar shi. Bayansa karatu ya tafi, sannan sunayen 'ya'yansa.

Tsoro take ji. Abin da take rarrashin kanta da shi ɗaya ne: Faransanci baƙo ne, in ya so ya tafi. Muddin Filamanci, harshen da ta tsotsa a nono, yana nan daram, to da sauran lokaci. Za ta lallaɓa ta kai ƙarshen shekara ta ajiye aiki da mutuncinta.

A ɗakin malamai Geert ya tare ta da kofi da biskit, ya ce malaman wasu makarantu za su zo ta yi musu bayani, da Faransanci mana.

"Marleen, kin fi kowa wayo," in ji shi yana dariya. "Ana biyan ki ki zauna ki yi shiru."

Ta yi dariyar ita ma, ta ce a bari sai bayan hutun bikin Ista.

Ranar wata Alhamis ana ta yayyafi, fitilun aji a kunne tun safe, kawuna duk a sunkuye. Wata ɗaliba mai suna Fien, wadda ba ta cika magana ba, ta taso a hankali da tsohon littafi a hannu. Ta buɗe bangon ciki, inda wani ya yi layi biyu da shuɗin biro.

"Malama, na san doka," ta ce cikin raɗa. "Amma wannan kalmar ce ta ƙi fitowa."

Marleen ta gyara tabarau ta duba. Baƙaƙen suka tsaya mata kamar tururuwa a kan tebur, ko ɗaya bai ce mata komai ba. Ta yi murmushin da ta saba.

"Faransanci sai da haƙuri, 'yata. Je ki zauna, zai zo da kansa."

Fien ba ta tafi ba. Ta dubi shafin, ta dubi malamar, ta ƙara rage murya.

"Ai ba Faransanci ba ne, Malama. Filamanci ne. Kuma rubutunki ne."

A can baya wani ya juya shafi. Fien tana tsaye, yatsanta a kan kalmar, tana jira.