Fito Ɗari da Goma Sha Bakwai

Ina da wata 'yar cuta: in aka yi mini bayanin da ban gane ba, sai in gyaɗa kai da ƙarfi. Shekara huɗu 'yata Auta tana digiri na uku a kan wani abu da ke faruwa can sararin samaniya, ni kuma shekara huɗu ina gyaɗa kai.

Aikina tace sauti a gidan rediyo. Tari, ƙarar fanka, kukan makirufo, ni ke cire su kafin shiri ya fita. Saura kwana biyu ta kare bincikenta a gaban malamai, ta turo mini wani sauti ta waya, ta ce in ƙara masa ƙarfi kawai don a ji a zaure. Na ce yau ga ranata. Da na saurara, gurnani ne a ƙasa, a kansa kuma fito birjik, kowanne ya faro siriri ya gangaro. Na ce wanda ya ɗauki wannan bai san aiki ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ɗari da goma sha bakwai, na share tas. Na tura mata, na rubuta: an gyara, har da gyara.

Ranar na zauna a layi na biyu kusa da mamanta. Auta ta yi bayani, ni kuma a karon farko na saurara. Wai in an yi walƙiya, wata igiyar rediyo kan haura sama ta bi layin maganaɗisun duniya, ta ratsa iskar da ke cike da ƙwayoyin lantarki. A hanya takan ture ƙwayoyin da ke tsare a can, wasu su zubo ƙasa. Siririyar muryar da ke cikin igiyar ke riga isowa, shi ya sa in an mai da ita sauti take fita kamar fito.

"Wannan fiton shi ne aikina duka," in ji ta. "Bari ku ji."

Gumi ya karyo mini. Mamanta ta raɗa mini, "Baban Auta, lafiya? Ko takalmin ne ya matse ka?"

Na ga shekara huɗun yarinya za su fito ta lasifika a matsayin gurnani, malamai biyar suna kallonta. Na so in ɗaga hannu, hannun ya ƙi.

Ta danna. Fito ya cika zauren, tar, babu wanda ya ɓata.

Bayan an tashi na ja ta gefe a baranda, na faɗi abin da na yi, da adadin da komai, ban rage ba. Ta saurare ni tana gyaɗa kai, sannan ta zaro waya ta duba.

"Au, Baba, ashe ka turo?"

Nata na asali ta kunna. Lasifikar zauren tana da wurin ƙara murya.