Sallamar Malam Dabo A Filin Golf

Tasi'u ma'aikacin ban ruwa ne a filin golf ɗin da aka yi arewa da Bacirawa. Aikinsa ya ja tiyo daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana shayar da ciyawar da ko akuya ba a yarda ta sansana ba. Filin nan kuwa da can gonakin ƙauyensu ne, har da ta ubansa Malam Dabo. Da aka zagaye wurin da waya, sai aka kwashe mutanen aka kai su wani tudu mai tsakuwa a hanyar Bici, aka ɗauki kaɗan daga cikin 'ya'yan masu gonakin aiki don a rage surutu. Tasi'u na cikinsu.

Shekarun fari ne. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, duk ruwa na ɗaukewa daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Gidajen da aka san su da rumbu suka koma cin garin rogo, wasu har dusa. Kullum da safe Tasi'u yakan ratsa gonakin da suka ƙone, ya shiga cikin wayar nan ya tarar da ciyawa kore shar. Abin da yake samu a can shi ke riƙe da gidan: shi da matarsa Luba da yaransu da tsohon.

Malam Dabo ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Tun da aka tashe su bai sake taka wurin ba. A shekarar nan sai ya tsiri magana ɗaya, safe da yamma.

"Tasi'u, ka kai ni in ga gonar nan. Ba cewa na yi a ba ni ba. In tsaya a kanta kawai."

Tasi'u ya yi ta ce masa sai an samu hali. Luba ce ta tare shi a bakin madafa wata rana, ta ce, "Baba fa ya rage cin abinci. Ka kai shi tun yana iya tafiya da ƙafarsa."

Tasi'u ya je ya sami manajan kulob ɗin da ke da filin, Malam Khalilu, ya durƙusa ya yi bayani. Manajan ba mugu ba ne. Ya ce, "Ka kawo shi ranar Talata da hantsi, ba a cika yin mutane ba. Amma ka san doka. Ba a shiga fili da babbar riga ko silifa. Riga mai kwala, a cusa ta cikin wando, da takalmi sau-ciki. Hula ma sai irin tasu. In wani ya gan shi daga nesa, ya ɗauka baƙon wani ne."

Madu maigadi ne ya ara masa wata tsohuwar riga mai kwala da wani ɗan kulob ya taɓa ba shi. Wandon na Tasi'u ne, takalmin kambas kuma na wani maƙwabci. Da aka shimfiɗa kayan a gaban Malam Dabo, ya daɗe yana shafa su da hannu.

"Ni da ko kasuwa ban taɓa zuwa ba babbar riga ba," ya ce. Can kuma ya ce, "To. Allah ya kai mu Talatar."

Da babbar rigarsa ya yi tafiyar. A bayan ɗakin maigadi ya tuɓe ta, Tasi'u ya taimaka masa ya sa kayan aron. Rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, wandon sai da aka ɗaure da igiya, hannayensa suka fito sirara kamar kara. Madu ya miƙo masa hular hana-sallah, tsohon ya girgiza kai. Ya cire tasa ya ba Madu ajiya, ya tsaya da furfurarsa a rana. Tasi'u bai taɓa ganin kan ubansa a buɗe a gaban mutane ba, sai ya kau da ido.

"Baba, in ka ga mutum ya ɗaga sanda zai buga ƙwallo, sai mu tsaya mu yi shiru. Ba a magana, ba a motsi. Inda kuma aka kafa tuta, ba a takawa."

"Na ji," in ji Malam Dabo, amma hankalinsa ya riga ya yi gaba.

Suka shiga. Tsohon ya riƙa tafiya yana tsayawa, yana neman gambar da ta raba gonarsa da ta maƙwabcinsa, yana neman rijiyar da suka haƙa shi da ƙanensa. Babu ko ɗaya. An baje tudun, an cike kwarin, inda yake zaton rijiyar take an yi wani rami an zuba farin yashi.

"Nan ne, Baba," Tasi'u ya ce. "Daga nan zuwa itatuwan can."

Malam Dabo ya tsuguna da ƙyar, ya cusa yatsunsa ƙarƙashin ciyawar, ya ɗebo ƙasa ya murza, ya kai hanci.

"Wannan ba ƙasarmu ba ce."

"Da tifa aka kawo ta, Baba. Tamu tana ƙarƙashi."

Tsohon ya kakkaɓe hannunsa. Tasi'u ya hango wani tiyo ya ɓalle yana kwarara, ya ce masa ya jira shi a nan, ya ruga ya gyara.

Yana can sai ga mutum uku sun ɓullo ta bayan itatuwa, da masu ɗauke musu jakar sanduna. Ɗayansu, wani Alhaji mai tumbi, ya gyara tsayuwa ya ɗaga sanda. Kowa ya yi tsit. Malam Dabo dai ya ji motsin mutane a kusa, kuma tunda yake bai taɓa bari a wuce shi a gona ba gaisuwa ba. Ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa.

"Salamu alaikum! Sannunku da aiki!"

Sandar ta kuskure, ƙwallon ta yi gefe ta gangaro har kusa da ƙafar tsohon. Ya lalubo ta, ya ratsa ta kan lallausar ciyawar da ke gindin tuta yana jan kambas, ya je ya miƙa wa Alhajin da hannu biyu.

"Ga abinku, ranka ya daɗe. Ni ne Dabo, mai wurin nan a da."

Babu wanda ya amsa sallamar. Ɗaya daga cikinsu ya juya baya yana dariya. Alhajin bai karɓi ƙwallon ba, bai kuma yi tsawa ba. Ya dubi Tasi'u da ya iso yana haki, ya ce, "Kai ka shigo da shi? Yaya sunanka?"

Tasi'u ya zube ƙasa. "Ka yi haƙuri, Alhaji. Mahaifina ne, ba ya gani sosai."

"Sunanka na tambaya."

Ya faɗa. Malam Dabo na tsaye da ƙwallon a tafin hannunsa, har sai da wani mai ɗaukar jaka ya zo ya karɓe ta.

Kafin azahar manaja ya kira Tasi'u. Bai ɗago ya dube shi ba. "Mutumin nan ɗan kwamitin kulob ne, kuma gasa suke yi. Ni ma kaina ban san inda zan tsaya ba. Ka ajiye kakin aiki a wurin Madu."

A hanya Malam Dabo ya zauna a gindin wata ƙaya ya cire kambas ɗin. Yatsunsa duk sun saɓule.

"Na yi wani laifi ne, Tasi'u?"

"A'a, Baba."

"To me ya sa ba ka koma aiki ba?"

Tasi'u ya sunkuya ya ɗauki kambas ɗin. Tsohon ya daɗe yana fuskantar inda yake, sannan ya miƙa hannu a tashe shi. Suka kama hanya har gida. Luba ta fito da murna tana tambayar ko Baba ya ga gona, ta dubi fuskar mijinta, ta koma ciki.

Tasi'u ya yi ta sintiri a ƙofar kulob ɗin ko za a tausaya. Ranar ƙarshe Madu ya ja shi gefe ya ce kada ya ƙara wahalar da kansa, an riga an ɗauki Kamilu, ɗan ƙauyensu, wanda gidansa ma babu abin ci. Tasi'u ya rasa wanda zai ji haushinsa.

Suka sayar da akuyar Luba, suka cinye. Da abin ya ƙi, ya bi motar shanu ya tafi cirani Kudu, ya kama dako a wata kasuwa. Abin da yake aikawa gida bai taka kara ya karya ba, wani lokacin ma babu.

Gab da faɗuwar damina wani direba ɗan Bici ya gan shi a tasha, ya yi masa gaisuwar rashi, a zatonsa ya riga ya ji. A nan Tasi'u ya san an binne Malam Dabo tuni, kuma Luba ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta don babu abin dafawa. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya yi salati. Can wata mata ta ƙwala kiran ɗan dako, tana nuna buhunan doya. Ya share fuskarsa da gammo, ya tashi ya nufe ta.