Ƙullin Masu Gwaza

Glenys Harradine ta shekara talatin da wani abu tana binciken gwaza, kuma ofishinta na jikin nawa a sashen noma na ƙaramar jami'armu da ke tsakiyar gonakin rake. Ni ilimin ƙasar noma nake koyarwa. Gwazan da take bi ba irin na kanti ba ne, babban nan ne na fadama da mutanen Kiribati ke shukawa cikin ramuka, wanda ruwan gishiri ya soma kashewa tun da teku ya fara kutsowa ta ƙarƙashin tsibiransu. A bayan gininmu tana da rumfar gilashi cike da iri-irinsa, tana zuba musu gishiri kaɗan-kaɗan don ta gano wanda zai jure. Mace ce doguwa mai kaurin murya, kullum da taɓo a takalminta, kuma ba ta iya rage magana ba.

A shekarar da abin ya faru, jami'a ta ɗauki wani masanin ƙididdiga mai suna Lachlan Petrakis. Aikinsa shi ne auna yadda masu bincike ke ambaton juna. Duk wanda ya rubuta maƙala yakan jera sunayen waɗanda ya dogara da aikinsu, to wannan ambaton Lachlan ke tattarawa, ya duba wa ya kira sunan wa, kuma wa ya rama. Mutum ne mai kunya da son aikinsa. Ya taɓa gaya mini a wurin shan shayi cewa burinsa ya zaƙulo ƙananan fannonin da ba a lura da su, don a tallafa musu.

Ranar da ya nuna mana sakamakon, an tara mu a babban zaure. Mataimakiyar shugaban jami'a, Farfesa Ainsworth, na zaune a gaba. Lachlan ya haska taswira a bango. Kowane ɗigo mutum ne, kowane zare ambato ne. Masu binciken rake da masu binciken murjani sun cunkushe a tsakiya kamar ƙudan zuma, zaruruwansu sun miƙa ko'ina. Can a kusurwa kuwa ga wasu ɗigo shida, ɗaure da juna tamau, babu zare ko guda da ya shigo musu daga waje.

Farfesa Ainsworth ta nuna da alƙalami. “Waɗancan fa?”

Lachlan ya yi gyaran murya. “Masu gwaza ne. Duk ambaton da suke samu, daga junansu yake fitowa.”

Glenys ta kwashe da dariya daga baya. “To da wa kake so ya ambace ni, ɗan samari? Likitan haƙori?”

Zaure ya yi dariya, ban da Farfesa Ainsworth. Ta rubuta wani abu, aka wuce.

Da yammacin Juma'a muka haɗu a mashayar da muka saba, ana nuna wasan kurket a talabijin ba mai kallo. Glenys ta ja kwanon soyayyen dankalina gabanta, tana lissafa mini mutanen shida da yatsu masu maiƙo. Ita ɗaya. Nabuti Kaiea, tsohon ɗalibinta da ya koma gida Kiribati yana aiki da manoma. Wata mata a Suva, wani a Hilo, wani a Noumea. Na shidan kuwa tsohon malaminta ne, wanda ya daɗe da rasuwa.

“Ka ji fa, Merv,” in ji ta. “Da mamaci nake haɗa baki. Duk Lahadi nakan je kabarinsa mu shirya wa zai ambaci wa.”

“Ki yi a hankali dai. Matar nan ba ta yi dariya ba.”

“Ita ai ko a ranar aurenta ba na jin ta yi.”

Ba a daɗe ba aka kira ta gaban kwamiti. Akwai masu bincike da ke haɗa baki da gaske, kai ka ambace ni, ni in ambace ka, don sunayensu su hau sama, kuma a taswira irin ta Lachlan haka suke fitowa, ƙulli rufaffe. Jami'a ta ce tana son ta tabbatar ba haka abin yake ba. Glenys ta roƙe ni in raka ta.

Ta shiga da shirinta. Ta yi musu bayanin ramukan gwaza, da yadda iri biyu daga rumfarta suka rayu a wani tsibiri inda sauran suka ruɓe. Wani daga cikin 'yan kwamitin, masanin harkar kasuwanci, ya saurare ta da ladabi har ta gama.

“Babu mai zargin ki da rashin gaskiya, Glenys. Amma in aikin yana da amfani haka, me ya sa ba wanda ke ambatonsa daga waje?”

“Saboda masu amfani da shi ba sa rubuta maƙala. Ci suke yi.”

“Wannan ba mu da hanyar auna shi.”

“To laifin gwaza ne ko laifin ma'auninku?”

Aka juya ga Lachlan, wanda ya takure a ƙarshen tebur. Ya faɗi gaskiya. Ya ce ma'aunin nasa bai iya bambanta masu haɗa baki da fannin da mutanensa ba su da yawa, siffarsu ɗaya ce a taswira, kuma ya rubuta haka tun farko. Farfesa Ainsworth ta gode masa. Ta ce majalisar jami'a ta riga ta ga taswirar, kuma taswirar suka tuna, ba bayanin da ke ƙasanta ba.

Kwamiti ya wanke Glenys daga zargi. Amma a wannan zaman aka sa fanninta cikin waɗanda ba su da tasiri, aka ba ta shekara guda ta nuna cewa duniya ta san da ita.

Bayan kwana biyu Lachlan ya same ta a rumfar gilashi. Ina wurin ina taya ta ɗaga buhunan taki. Ya tsaya a ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga.

“Malama Glenys, ban yi shi don wannan ba.”

“Na sani. Shigo ka rufe ƙofa, kana fitar mini da danshi.”

Ya ce akwai dabara. Ta rubuta maƙala a kan sauyin yanayi gaba ɗaya, ta saka gwaza a ciki kamar misali, ta ambaci manyan masanan da kowa ke ambata, ta nemi ɗaya daga cikinsu ya sa sunansa tare da nata. Ta haka zare zai fita daga ƙullin.

“Wato don in nuna ba na haɗa baki, sai in je in haɗa baki da manya.”

Lachlan ya sunkuyar da kai. “Haka ma'aunin ke gani.”

Na ɗauka za ta kore shi. Ba ta kore shi ba. Ta dubi layukan gwazan nan, ganyayensu sun kai mata kafaɗa, ta ce ya turo mata sunayen.

Damina guda ta yi tana wannan aiki. Ta bango nakan ji ta tana buga kwamfuta tana zage-zage. Ta rubuta wa manyan nan ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ba su amsa ba. Wani a Canberra ya amsa da fara'a, ya ce aikin ya burge shi, amma ya rubuta sunanta ba daidai ba, kuma ya ɗauka doya take bincike. Duk da haka ta kammala maƙalar ita kaɗai, ta kawo mini in karanta.

“Yaya ka gani?”

“Ba laifi.”

“Merv, kar ka yi mini ƙarya, ba ka iya ba.”

“Ban ji muryarki a ciki ba.”

“Ni ma ban ji ba,” in ji ta, ta karɓe takardun.

Wata babbar mujalla ta mayar mata da ita, wai ba sabon abu. Ta biyu ta karɓa, amma sai bayan wata da watanni za ta fito, kuma ambato ba ya zuwa sai shekaru sun shuɗe. Ana cikin haka, kamfanin da ke tattara alƙaluman ambato na duniya ya cire 'yar mujallar da masu gwaza suka saba bugawa a ciki daga lissafinsa, saboda shi ma na'urarsa ta ga ƙullin. Dare ɗaya rabin aikin rayuwar Glenys ya daina ƙirguwa. Matar Suva ta koma binciken kwakwa. Na Hilo ya yi ritaya.

Da shekara ta cika aka ce za a mayar da rumfar gilashi wurin gwajin rake. Glenys ba ta yi faɗa a kan kujerarta da aka soke ba, a kan shukokin ta yi. Ta so ta aika wa Nabuti su, amma dokar hana yaɗuwar cututtukan shuka ta ce sai an gwada kowane iri an tsarkake shi a ɗakin gwaji kafin ya ƙetare teku, aikin da zai ci lokaci mai tsawo, kuma babu sashen da ya yarda ya ɗauki nauyinsa. Ta kira lambunan gwamnati, ta kira wasu jami'o'i. Kowa ya tausaya, kowa ba shi da wuri. Lachlan ya rubuta wa majalisa har sau biyu, daga baya ya ajiye aikin ya koma Melbourne. Wanda ya gaje shi ya ci gaba da amfani da ma'aunin yadda yake.

Da safe aka zo kwashe rumfar. Ma'aikata biyu ne da mota, suna tumɓuke gwazan suna cusawa a manyan jakunkuna don a kai a ƙone. Glenys na tsaye da hular rana, tana kiran sunan kowane iri da harshen Kiribati yayin da ake fitar da shi. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya tsaya.

“Uwar ɗaki, ko za ki je ki sha shayi? Mu za mu ƙarasa.”

“Yi aikinka, ɗana. Ba kai ba ne.”

Ta ɓoye 'ya'yan gwaza huɗu a bayan motarta, ta dasa a bayan gidanta. Amma ba ta jima a garin ba. Ƙugunta ya matsa mata, ƙanwarta ta zo ta tafi da ita Hobart, inda sanyi ba ya barin gwaza ya yi ko ganye. Wanda ya sayi gidan ya share bayan ya haƙa wurin ninƙaya.

Nakan kira ta lokaci-lokaci. Takan tambaye ni labarin matata da karena, ta zagi gwamnati, ta yi ƙorafin sanyi. Ba ta taɓa tambayar jami'a ba, ni ma ba na kawowa.

A farkon wannan shekara Nabuti ya kira ofishina, layin yana yankewa yana dawowa. Ya ce babbar igiyar ruwa ta shiga ramukan ƙauyuka uku, ganye ya yi rawaya, amma a rami ɗaya wasu sun tsaya kore shar, bai san dalili ba. Yana so a gwada ƙasar da saiwar kafin manoma su cinye su.

“Malam Merv, wa zan aika wa yanzu?”

Na ce ya turo ƙasar, zan duba masa gishirinta. Saiwar kuwa ban san kanta ba, kuma ban san wanda ya sani ba.

“Kar ka gaya wa Mama Glenys,” in ji shi. “Za ta ce sai ta zo, kuma ba za ta iya hawa jirgin ruwa ba.”

Na yi masa alkawari. Ƙasar ba ta iso ba har yau, ban kuma san ko ya aiko ba.