Gugan Farko

Hantsi ya dubi ludayi, amma har yanzu babu wanda ya jefa guga a rijiyar rugar su Siddiq, can arewa da Sule Tankarkar. Shanunsa sittin sun kewaye komin shan ruwa suna tunkuɗar juna, shi kuwa ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya leƙa hanya, ya dawo, ya sake leƙawa.

Dokar rijiyar ta girme shi. Babba a gidan da ya haƙa ta shi ke da fifiko: shi zai ja gugan farko, dabbarsa ta sha, sannan ta kowa. Tun rasuwar mahaifinsu fifikon ya koma hannun yayansa Dalhatu, mutumin da ciwon huhu ya share wa garke, ya bar masa tsohuwar saniya ɗaya tal mai karyayyen ƙaho. Kullum ɗaya tana sha, sittin suna kallo. Abin yana ci wa Siddiq rai, kuma shi ba mai iya ɓoye fushi ba ne.

Maƙwabcinsu Dogo, gwanin zuga, ya ce, "Kai dai ja ruwanka. Wane irin fifiko ne mutum yana barci dukiya tana wahala?"

Siddiq ya ɗauki igiyar guga. Ya ajiye. Ya sake ɗauka, har ya saƙala ta a bakin rijiya, sai ga Dalhatu ya ɓullo daga bayan ƙaya, yana tafiya a hankali. Igiyar ɗaure saniya tana rataye a kafaɗarsa. Babu komai a bayansa.

"Hamma, ina saniyar?" in ji Siddiq, yana kiransa yadda Fulani ke kiran yaya.

"Jiya na kai ta kasuwar Maigatari," in ji Dalhatu, idonsa a ƙasa. "Rumbu ya ƙare, yara ba su ci ba. Tun asuba nake hanyar nan, ƙafata ta ƙi kawo ni." Ya nuna gugan da haɓa. "Wanda ba shi da dabba ba ya jan na farko. Ja, Siddiq. Daga yau kai ne gaba."

Shekara bakwai Siddiq yana jiran wannan magana. Da ta zo, kunya ce ta rufe shi, har ya ji ya tsani kansa. Ya saki igiyar, ya kutsa cikin garken yana ture shanu da kafaɗa, ya kamo wata jar karsana, wadda ya fi ji da ita. Ya zare igiyar daga kafaɗar yayansa ya ɗaura mata a wuya, ya ja ta har bakin komi.

"Hamma, dabbarka tana jin ƙishirwa," ya ce. "Ka ja mana, rana tana yi."

Dalhatu ya daɗe yana kallon karsanar. Sannan ya tofa miyau a tafin hannunsa, ya kama igiyar guga.