Ƙishirwar Gonar Sandamu

Mardiyya tana durƙushe a tsakiyar gonar mahaifinta marigayi, a bayan garin Sandamu, sai ta ga inuwar Baffa Zailani ta rufe ta. Kafin ta ɗago, ya fizge wani bututu mai allurar awo a kansa da ta kafa a ƙasa.

"Wannan ne ya hana ki shuka?" ya tambaya. "Gari duk ana cewa asiri kika binne."

"Ba asiri ba ne, Baffa. Na wurin aikinmu ne, danshin ƙasa ake aunawa da shi." Ta miƙe tana kakkaɓe zanenta. "Ruwa ake zuba masa, bakinsa kuma na yumɓu ne. In ƙasa na jin ƙishi sai ta tsotse ruwan, allurar nan ta hau. Yadda ta hau, haka saiwar gero za ta sha wuya kafin ta samu abin sha."

"Jiya aka yi ruwa."

"Sama-sama ya jiƙa. Tun safe nake dubawa, allurar ba ta sauka ba. In muka zuba irin nan, zai tsiro ya ƙone, kuma ba mu da wani."

Ko'ina maƙwabta suna ta saran rami, mata na bi suna jefa iri. Wasu sun tsaya, sun dogara da sungumi suna kallo. Inna Haulatu, mahaifiyarta, tana zaune a gindin gawo kusa da buhun irin.

"Ke kika san gaibu ke nan?" in ji Baffa. "Yanzu shari'a ake yi a jihar nan. Gobe zan kai maganar gaban alƙali."

"Ban ce na san ranar ruwa ba, wannan na Allah ne. Abin da ke cikin ƙasa yau na auna." Ba ta sunkuyar da kai ba. "Mu je gaban alƙalin, Baffa. Shari'ar ce ta ba ni rabona a gonar nan, ta ba Inna nata. Ka shuka naka gefen, ba wanda zai hana ka."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya yar da bututun a kan kunya, ya juya ya tafi.

Mardiyya ta ɗauka, ta duba bakin yumɓun. Bai fashe ba. Ta sake cika shi da ruwan buta, ta mayar da shi raminsa, ta danne ƙasa da tafin hannu.

"In kuma aka yi ruwa mai yawa gobe fa?" Inna ta tambaya a hankali.

"To mun makara, Inna. Laifin nawa ne."

Inna Haulatu ta dubi masu shuka, ta dubi 'yarta. Ta tashi ta kama bakin buhun.

"Kama can," ta ce. "Mu kai shi gida."