Kamun Hannun Shago

Ranar Asabar aka ɗaura wa Shago maƙeri gilashi a fuska. Daga ranar bai sake auna ƙota da hannunsa ba.

'Yarsa Roda ce ta zo da shi daga makarantar fasaha a birni, inda take koyon zana kayan aiki kafin masana'anta ta ƙera su. Wani ɗan baƙin akwati ne mai ɗamara, mai nuna wa mutum wani wuri kamar yana cikinsa, aron kwana biyu. Fartanya ta zana, irin ta mata, malamanta kuma suka ce ta kawo ta gaske ranar Litinin ko ta maimaita shekara. Shago ya ce ba zai ɓata gawayinsa a kan wasan yara ba.

"Shekara arba'in ina ƙira, daga nan har kasuwar Kunci ba wanda ya taɓa dawo min da fartanya. Ubana ya auna da kamu, ni ma da kamu."

"Kamun wa, Baba?"

"Kamun mutum."

"Naka dai. Saka ka gani."

Ya saka don ta ƙyale shi.

Maƙerar ta ɓace. Sai ga shi tsaye a gonar gyaɗa, kunyoyi a jere, ciyawa ta taso. Roda ta danƙa masa wata 'yar sanda, ya duba ya ga fartanyarsa ce, har da kaurin da yake bari a gindin ƙota. Ya kai sara biyu. Daidai.

"To, wa ya yi ƙarya?"

"Tsaya, zan sa maka tsawon Inna," in ji Roda, ta taɓa kwamfutarta.

Ƙasa ta taso masa. Hannuwan da yake gani suka ƙanƙance, yatsun suka kasa haɗuwa a kan ƙotar. Ya kai sara, bakin fartanyar ya sauka a kwance ya zame. Sai da ya karya ƙugu, ya murɗa wuyan hannu, sannan ta ci ƙasa. A gefen idonsa wani zanen ƙashin baya ya koma ja.

"Wannan jan fa?"

"Inda ciwon ke taruwa ne. A aji mukan gwada abu a jiki ashirin kafin a taɓa ƙarfe."

Matarsa Iyatu, Innar Roda, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce, ta yi damina talatin da fartanyarsa. Takan tsaya a tsakiyar kunya, hannu biyu a ƙugu, shi kuma ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ya kira ta raguwa. Ba shi kaɗai ba. A ƙauyen, ciwon bayan mace sunansa lalaci, maganinsa tsawa.

Roda ta sauya masa fartanyar da wadda ta zana. Ƙotar siririya, bakin ya ɗan lanƙwaso. Sara ɗaya ta shige. Jan ya dushe.

Ya cire gilashin, ya daɗe yana goge fuska da gefen riga.

"Karanto min awon."

"Ba da kamu ba ne fa, Baba."

"Na ji. Kawo igiyar awo."

* * *

Yini guda ya yi a kan fartanyar Roda. Sau biyu Roda ta ce a mayar wuta, sau biyu ya mayar ba gardama, abin da ko ubansa bai samu daga gare shi ba. Da safiyar Litinin ya naɗe ta a buhu, ya raka Roda bakin titi.

"Ki ce musu wanda ya ƙera gilashin nan ya san aiki."

"Ni fa?"

"Ke ma ba laifi."

Ta shiga mota tana dariya.

Biyu ya ƙera, bai gaya mata ba. Da ya dawo gida ya ɗauko ta biyun daga bayan rumbu, ya jingine ta a ƙofar ɗakin Iyatu, inda gara ta fara cin ƙyaure. Ya tsaya, bakinsa na motsi. Magana ce gajera, da ya faɗe ta a gona ko sau ɗaya da ta isa: Iyatu, ba ke ba ce, fartanyar ce.